Garin da Ke Cikin Akwati

Asabar, da hantsi

Sun sa wa shagon Injiniya kwaɗo. Na gani da na sauko sayen burodi, ga wata takarda manne a ƙofa da harshen mutanen ƙasar nan. Ban tsaya karantawa ba. Na san abin da ke ciki, don irinta muke aikawa daga ofishinmu.

Shi kuwa yana zaune a kan bokitin fenti a bakin shagon, sukundireba a bayan kunne kamar kullum, sai ka ce baƙo mai jiran mai gyara ya dawo.

Ya ce, "Akawu, an tashi lafiya?"

Na ce lafiya lau.

"Sun tafi da Akwati."

Na ce innalillahi. Na sayi burodin, na hau sama, ban ci ba.

Asabar, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zan ji nauyinsa ya ragu.

Akwati tsohuwar kwamfuta ce da ke ƙarƙashin teburin Injiniya, fankarta na ƙugi kamar tsoho mai minshari. A cikinta garinmu yake. Wani tsohon gem ne na noma, kamfanin da ya yi shi ya rufe shi tuntuni ya kama wata harkar. Injiniya ya tono shi, ya tashe shi a Akwati, ya raba mana gonaki, mu 'yan benen nan da danginmu na gida. Bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Ka shiga da wayarka, ka yi shuka, ka ba da ruwa, ka leƙa gonar maƙwabci ka yi masa tsiya. Shi ke nan gem ɗin. Ƙattin maza da furfura, muna faɗa a kan kabewar da ba a ci.

Gonar Baba tana jikin tawa.

Tun da ciwon nan ya shanye masa ɓarin dama ya tafi da bakinsa, in na kira gida numfashinsa kawai nake ji, in yi ta zuba ni kaɗai kamar rediyo. Auta, ƙanwata, ita ta koya masa gem ɗin da hannun hagu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da fartanya a kafaɗa. Da fari tsaki ya yi ya ture wayar. Sai ga shi ya fi kowa tsare gona. Kullum in na farka sai in tarar ya ba tasa ruwa, ya tsallako ya ba tawa. Ni kuma in cire masa ciyawa kafin in fita aiki. Gaisuwarmu ke nan, kuma ta fi wadda muka yi ta yi lokacin yana da baki.

Lahadi, da azahar

Ɗakinmu ya koma kotu. Mu uku ne a ciki, ni da Direba da Tela, amma in Direba ya soma sai ka ce mu goma ne.

Ya ce, "Ku gaya mini, me aka sata? Mutum ya yar da tsohuwar rigarsa a bola, wani ya wanke ya sa, sai ya dawo ya ce ɓarawo?"

Tela yana zura zare a allura, bai ɗago ba. "Ni duk ɗinkin da na iya a jikin wani na gan shi. Da ana kulle mai kwaikwayo da duniya tsirara take yawo."

"Akawu, kai ne ɗan gida. Yi mana fatawa."

Na ce wanda ya zauna ya zana kabewar nan shi ma mutum ne, yana da iyali, guminsa ne. Gaskiya na faɗa, har yanzu ina kan bakana. Na ga masu zane da masu kiɗa da aka cinye wa wahala, ba duk ƙorafi ne zalunci ba.

Direba ya ce, "To shi mai zanen an kai masa Akwati ne ya ji daɗi? Karen kamfani kawai!"

Suka yi dariya, ni ma na yi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma na jimre.

Litinin, da safe

Na buɗe wayar don in cire wa Baba ciyawa. Hannu ba ya jin labari.

Litinin, da magariba

Auta ta kira. "Yaya, me ya sami gem ɗin? Baba sai dannawa yake yana miƙo mini wayar. Na ce masa sabis ne, ya harare ni."

Na ce ƙila sabis ɗin ne.

"Yaya, bidiyo ma yana buɗewa."

Na ce za a gyara.

Talata, lokacin hutun rana

Ina kan bencin bayan ofis. Mutane suna tsammani muna zama ne muna farautar ɓarayin fim da waƙa. Da can haka ne. Yanzu na'ura ke yi, tana kama dubu kafin in kurɓi shayi. Mu abin da ya rage mana shi ne duk Alhamis kowa ya kawo sababbin adireshin intanet na masu satar fasaha waɗanda na'urar ba ta gani ba, don a san muna da sauran amfani. Wanda nasa bai cika ba, Manaja ya kira shi ya tambayi lafiyarsa cikin murya mai taushi. Wanda aka tambayi lafiyarsa sau biyu ba ya ganin na uku.

To ina za ka samo abin da na'ura ba ta gani ba? Sai muka ɓullo da dabara. Kowa ya cike gurbinsa da tarkace: matattun shafuka, ƙananan abubuwan da ba su shafi kowa ba. Ƙaiƙayi nake kiransa. Ba ya zuwa ko'ina, domin kafin a aika wa kowa takarda sai komai ya bi ta hannun wata dattijuwa da ke teburin kusa da taga. Rariya na sa mata, don komai ta cikinta yake bi. Ta san ƙaiƙayi tun daga nesa. Ta watsar, ta kalle mu ta saman tabarau, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Mu mun cika, ita ta tace, kowa ya kwana lafiya.

Waccan Alhamis, kafin a sa kwaɗo, nawa saura ɗaya. Ana shirin tashi. Wayata na hannuna, garin a buɗe, Baba ya gama ba da ruwa. Na cike gurbin da shi.

Gem ɗin ma ba ya cikin kayan da aka ɗauke mu mu tsare. Duk mai ido zai gani ya watsar.

Hutu ya ƙare.

Laraba, da safe

Injiniya ya koma gyara a ƙarƙashin matakalar bene, da tire ɗaya da fitilar goshi. Ta nan kaɗai ake fita. Na gwada saukowa da sassafe, na tarar ya riga ni.

Alhamis, bayan la'asar

Na cika nawa yau. Duk matattun shafuka, na duba kowanne sau biyu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Bayan ɓarna.

Tela ya raka Injiniya hukumar kasuwa, ya dawo da bayani. In ƙorafin ya tsaya har zaman da za su yi ƙarshen wata, za a soke lasisin shagon. Takardar zamansa a ƙasar nan kuwa a jikin lasisin take rataye. In shago ya tafi, shi ma ya tafi. Matarsa na da tsohon ciki.

Tela ya ce sun nemi mutumin da za su yi wa bayani a kamfanin da ya kai ƙorafin. Lamba aka ba su. Suka kira, na'ura ta ce su danna ɗaya, suka danna, ta gode musu da haƙurinsu.

Tela bai san sunan kamfanin namu ba ne, ko ya sani ya yi kara? A takardar sunan lauyoyi ne. Irinmu da yawa a garin nan. Haka nake gaya wa kaina.

Juma'a, da safe

Gobe zan yi magana.

Asabar, da yamma

Wayata ta daina caji. Kwana biyu ina murɗa wayar cajin ina jingina ta da kofi. Ina saukowa Injiniya ya hango ni da ita.

"Kawo nan, Akawu, kafin ka kashe baiwar Allah."

Na ce ba komai, zan kai kasuwa.

"Kasuwa? Ina raye?"

Ya sa fitilar goshi, ya ɗauki tsinke, ya zaƙulo wani dunƙulen auduga daga ramin cajin ya ɗora mini a tafin hannu. "Ga cutar. Aljihunka ne ke ci da ita. Yawancin abin da ake kawo mini ba lalacewa ya yi ba, datti ne mai shi ya tara." Ya miƙo mini. "Ya jikin Baba?"

Na ce da sauƙi.

"Tsohon nan shi ke fara shiga garin kullum. Ina buɗe shago in ga ɗan mutumin nan nasa yana tafe da bokiti. Ya fi ku duka iya noma."

Na tsaya da audugar a hannu. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai wata mata ta iso da waya mai fasasshen gilashi, na matsa mata, na ji daɗin zuwanta.

Lahadi, da hantsi

Ba ni kaɗai ba ne mai laifi. Wanda ya ce mu kawo kamu duk mako ko akwai ko babu fa? Wanda ya ɗora na'ura a kan rayuwar mutane ba tare da mai duba ta ba fa? Hukumar da ta sa kwaɗo kafin ta yi tambaya fa? Shi kansa Injiniya ya san gem ɗin ba nasa ba ne.

Na karanta abin da na rubuta. Duk gaskiya ne, kuma bai rage komai ba.

Litinin, da magariba

Auta ta ce Baba ya daina miƙo wayar. Ya sa ta ƙarƙashin matashi. Da safe yana juya fuska bango.

"Da gem ɗin nan nake lallaɓa shi ya karya, Yaya. In ce ci ka je gona. Yanzu me zan ce?"

Na ce ta sauko masa da wani, suna nan birjik.

"Na sauko da uku. Ya duba, ya ga babu gonarka a gefe, ya ture."

Talata, da safe

Yau ma ban yi ba.

Laraba, bayan tashi daga aiki

Na ga Rariya.

A babban kantin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, wurin injinan da mutum ke biyan kuɗin kayansa da kansa. Tana tsaye da rigar ma'aikata, in inji ya rikice ta zo ta lallashe shi. Na so in sulale, ta riga ta gan ni ta saman tabarau.

Ta yi dariya ta ce na'ura ta kore ta, yanzu ita ke renon na'ura. Ta ce ƙafafunta ne kawai ba su yarda da sabon aikin ba.

Na ce ina da tambaya, wani abokin aiki ne ya sa ƙaiƙayi ya wuce.

Ta ce ai dole ya wuce, wa zai tare shi? Na'ura ba ta san ƙaiƙayi ba, duk abin da aka zuba mata niƙa take.

Na ce to yaya ake janyewa?

Ta ce wanda ya shigar shi kaɗai ke fitarwa. Ya shiga da sunansa, ya ce da saninsa ya sa abin da ba na kamfani ba. A ranar ƙorafin zai faɗi. A ranar shi ma za a karɓi katinsa na aiki.

Injin da ke gabana ya yi ta ƙara wai in ɗauke kayana. Ta sa hannu ta kashe kukan, ta ce in gaida abokin aikin nawa.

Tawa takardar zaman a jikin katin take, kamar yadda ta Injiniya take a jikin shago. Maganin Baba daga katin yake fita.

Laraba, ban tashi daga wurin ba

Akwai abin da na tsallake ranar da na rubuta labarin ofis. Na rubuta shi kamar Rariya na nan a teburinta waccan Alhamis.

Ranar Litinin ɗin makon aka sallame ta. Ni na ɗaukar mata kwalinta har bakin lif.

Alhamis, da azahar

Mantawa na yi. Shekaru hannu ya saba.

Alhamis, da la'asar

Ban sani ba ko mantawa na yi.

Ana gobe abin zai faru muna shan shayi a shagon, Direba ya kawo zancen motocin da ke tuƙa kansu. Ya ce ranar da mota ta iya faɗa da mai babur a mahaɗa, ranar zai ji tsoro. Tela ya ce shi inji ya daɗe da cinye shi, saura ƙashi. Sai Injiniya ya nuna ni da sukundireba ya ce, "Ku ku ji tsoro, ban da Akawu. Shi ba za a maye gurbinsa da inji ba, don an riga an yi, ba a dai gaya masa ba."

Shago ya ɗauki dariya har da masu jiran gyara. Wasa ne, mun saba, na sha yi masa wanda ya fi wannan. Amma a makon ne na ɗauki kwalin Rariya. Na kwana da maganar, na tashi da ita.

Ban ce don haka ne ba. Na dai rubuta.

Asabar, da hantsi

Yau saura ƙiris a yi abin kunya.

Direba ya tashi da tabbacin ya gano munafukin: mai sayar da wayoyi na tsallaken titi, wanda suka taɓa sa-in-sa da Injiniya a kan kwastoma. Ya ce da ɗan gari akan ci gari, kuma wa zai ci riba in an rufe shago in ba shi ba? Kafin mu ankara ya tsallaka. Na bi shi, wai ni mai rabo.

Ya ci kwalar mutumin. "Kai ne ko? Ɗan baƙin ciki! Mace da ciki za ka jefa a titi saboda cajar waya?"

Bawan Allah yana rantsuwa, gilashin idonsa ya faɗi, 'yarsa na kallo daga bayan kanta. Ni ina tsaye. Na riƙe hannun Direba, amma riƙon da ba ya hana komai.

Injiniya ne ya tsallako da fitilar a goshi. "Sake shi. Ba shi ba ne."

"Ka san wane ne?"

"Na ce ba shi ba ne. Sake shi ka ba shi haƙuri."

Ya duƙa ya ɗauki gilashin, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙa wa mutumin. Bai kalli inda nake ba. Ko sau ɗaya.

Lahadi, da yamma

Na kira Auta na tambaye ta, in na dawo gida gaba ɗaya fa?

Ta ce, "An kore ka ne?"

Na ce tukuna.

"Yaya, me ka yi?"

Na ce ta sa wa Baba wayar a kunne. Na ji numfashin. Na ce Baba ni ne. Na ce gonar tana nan, ba ta ɓata ba, an dai rufe ƙofa ne. Na ce ni na jawo. Numfashin bai canja ba. Ban san ko ya gane ba. Wanda ba zai iya maimaitawa ba shi na zaɓa in fara gaya wa, wannan ma na lura.

Litinin, da safe

Zaman hukumar jibi ne. Na goge takalmina, ban san dalili ba.

Litinin, da azahar

An gama, na janye ƙorafin da sunana. Bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata, ta gode mini.

Manaja ya kira ni. In yi masa adalci, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san da ƙaiƙayi tun ba yau ba, kowa ya sani, amma sani daban, rubutawa daban. Ya ce da na zo wurinsa tun farko. Na ce da ka yi me? Ya kalli taga, wurin da teburin Rariya yake da, yanzu tukunyar fure ce a wurin. Ya ce shi ma an soma tambayar lafiyarsa daga sama.

Abokan aiki ba wanda ya ɗago. Na fasa musu dabara, Alhamis mai zuwa ban san da me za su cika ba. Suna da hujjar jin haushina.

Babu wanda ya ɗaukar mini kwali. Ba ni da abin sawa a ciki ma, kofi ne da caja.

Laraba, bayan la'asar

An cire kwaɗon. Direba ya yi ta hon a bakin titi kamar an ɗaura aure, Tela ya share shagon. Sun dawo da Akwati da wata lamba manne a gefenta. Na jira har suka watse, na shiga.

Yana tsugune ƙarƙashin tebur yana haɗa wayoyi. Na ce Injiniya, akwai magana.

"Miƙo mini baƙar wayar can."

Na miƙa. Na ce ni ne.

"Na sani."

Fankar ta tashi da ƙuginta. Ya fito ya zauna a kan bokitin, ya cire sukundireban daga kunne.

"Ka manta yadda na raba muku garin? Kowa da ƙofarsa na ba shi. Adireshin da kake shiga da shi ba shi Tela ke shiga da shi ba. Na yi haka ne don in wani ya raba wa 'yan waje in san ko wane ne. Kafin su zo ɗaukar Akwati na ga baƙi sun shigo suna leƙe-leƙe. Ta ƙofarka."

Na ce tun ranar farko?

"Tun kafin kwaɗo."

"Ka gyara mini waya."

"Wayar me ta yi mini?"

Na ce me ya hana ka faɗa? Da Direba ya ji, da an gama tun makon farko, da ka huta.

"Da ya fasa maka baki, ka yi zuciya, ka ƙi janyewa. Na san ka, Akawu, ba a tura ka. Kuma in na tona ka, kai da zaman benen nan har abada. Sai na ce bari in ga iya gudun ruwanka." Ya murza ido. "Ka daɗe. Matata ba ta barci. Har kaya ta fara ɗaurewa da cikin nan nata. Kullum ka wuce ni a matakala da burodinka."

Na ce ka yafe mini.

"Ban sani ba tukuna. Kar in yi maka ƙarya."

Na ce wasan nan da ka yi mini a gaban mutane, ban ce shi ne dalili ba, amma ban ce ba shi ba ne.

Ya ce, "Wannan bakina ne ya jawo, na karɓa. Amma wasa da wasa ake rama shi."

Ya ce zai tashi garin, amma ƙofata ya toshe ta, kuma ba zai ba ni wata ba. Ba zai iya kwana da ni a ciki ba. Ta Baba tana nan.

Haƙƙinsa ne. Da ni ne da abin da zan yi ya fi haka.

Alhamis, da safe

Alhamis, kuma ba wanda ke jiran kamu daga wurina. Na gaya wa su Direba da bakina. Tela ya ci gaba da ɗinki. Direba ya tashi ya fita, na hango shi ta taga ya tsallaka titi wurin mai sayar da wayoyi. Ya daɗe a can. Da ya dawo ya ajiye shayi kusa da gadona da ƙarfi har ya zube.

Asabar, da hantsi

An ba ni wa'adin barin ƙasar. Na fara neman wani aikin, amma duk inda na aika na'ura ke amsawa, kuma ta san ni. Na sayi jaka.

Matar Injiniya ta sauka lafiya, mace. Tela ne ya gaya mini. Na ba shi ɗan abin da zan iya ya kai, ban ce ya ce daga ni ba. Ya dawo ya ce an karɓa, kuma an san daga wa.

Litinin, da safe

Auta ta turo hoton allon wayar Baba. Ga gonarsa kore shar. Ga tawa a gefe, ciyawa ta kai gwiwa don babu mai cirewa, amma ƙasar jiƙe take. Ɗan mutumin nasa na tsaye a tsakiya da bokiti.

Ta ce ya karya da safe, har ya nemi ƙari. Ta ce kullum in ya gama tasa sai ya tsallaka tawa, ya ba ta ruwa, ya tsaya yana jira.

Na rubuta mata ta gaya masa ya daina wahalar da hannunsa, mai gonar ba zai ƙara shiga ba.

Ta ce, "Ni ba 'yar aikenka ba ce, Yaya. In ka iso ka gaya masa da kanka. Kuma ka zo da shirin cire ciyawa, ta bayan gida ma ta kai gwiwa."